Tsotse Haske Daban, Gano Shi Daban: Nazari Kan Tsara Sifofin Filasmon a Ma'aunin Nanomita

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake tsara ƙananan sifofin ƙarfe, masu girman nanomita goma zuwa 'yan ɗaruruwa, domin su kama haske su matse shi a wurin da ya fi zangonsa ƙanƙanta. An bi diddigin fannin tun daga gwajin Faraday na 1857, sannan aka fayyace abubuwa huɗu da mai tsarawa yake da iko a kansu, wato irin ƙarfe, girma, siffa da tazara. An nuna cewa tsotse haske ya daina zama babbar matsala, domin tun 2010 aka ƙera shimfiɗar da ke shanye kashi 99 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata. Matsalar da ta rage ita ce makomar makamashin bayan an tsotse shi, kasancewar mafi yawansa zafi yake komawa cikin ƙarfen kafin a ci moriyarsa. Matsayar maƙalar ita ce a riƙa fara tsari daga inda ake so makamashin ya ƙare, kuma a riƙa auna kowace sifa da abin da ta fitar a ƙarshe.

Muhimman kalmomi: filasmon, nanomita, zinariya, tsotse haske, zazzafan elektiron, silikon.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti da zazzaɓi ya san 'yar farar robar nan da ake ɗiga wa jini, a jira minti goma sha biyar ko ashirin a ga ko layi biyu za su fito. A yawancin irin waɗannan na'urori na gwajin zazzaɓin cizon sauro, jan layin da ke fitowa ba rini ne ya yi shi ba. Ƙwayoyin zinariya ne, kowace mai faɗin kusan nanomita 40, suka taru a wurin. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita, kuma kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Zinariyar da muka sani a kunnen amarya rawaya ce, amma idan aka mayar da ita ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta sai ta shanye koren haske, ido ya ga ja. Nijeriya, wadda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, tana amfani da kimiyyar filasmon kullum a ɗakunan shan magani, ko da ba a kiran ta da wannan suna.

Dalilin da ya sa masana suka duƙufa kan wannan fanni shi ne wani shinge da Ernst Abbe ya bayyana a 1873. Hasken da ido ke gani zangonsa tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700, kuma gilashin tara haske, komai kyawunsa, ba ya iya matse shi a wurin da ya gaza kusan rabin zangonsa. Su kuwa abubuwan da ake so hasken ya yi hulɗa da su, irin su furotin ko sassan tiransista, 'yan nanomita kaɗan ne. Akwai rata mai faɗi tsakanin girman haske da girman abin da ake so ya taɓa. Ƙananan sifofin ƙarfe su ne ke cike wannan rata. Aikinsu irin na eriyar rediyo ne: su kamo igiya mai dogon zango, su tattara ƙarfinta a ɗan ƙaramin wuri.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: idan eriyar ta kama hasken, ina makamashinsa yake tafiya?

2.0 Mene ne Filasmon?

A cikin ƙarfe akwai elektiron masu yawa waɗanda ba su ɗaure da wata ƙwayar zarra guda, suna yawo kamar ruwa a cikin kwano. Paul Drude ne ya fara kwatanta ƙarfe ta wannan fuska a 1900. Idan haske ya faɗa kan ƙaramar ƙwayar ƙarfe, fagen lantarkin da ke cikin hasken yana tura wannan taro na elektiron gefe guda. Ƙwayoyin zarran da aka bari a baya sai su jawo su su dawo, su zarce, su sake komowa. Wannan kai-da-komo na gayya shi ake kira filasmon. Kamar lilo ne: idan mai turawa ya daidaita hannunsa da tafiyar lilon, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama. Haka nan idan saurin kaɗawar haske ya dace da na elektiron ɗin, kaɗawar takan yi ƙarfi sosai, har ƙwayar ta kama hasken da ya fi faɗin inuwarta. Wannan dacewa ita ce rezonans.

Mutane sun daɗe suna cin moriyar abin kafin su san dalilinsa. Kofin Lycurgus, wanda Rumawa suka ƙera a ƙarni na huɗu kuma yake ajiye a Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, kore ne idan haske ya faɗo masa ta waje, ja ne idan hasken ya ratso ta cikinsa. Binciken zamani ya gano ƙwayoyin gaurayen zinariya da azurfa a cikin gilashinsa, masu faɗin nanomita 50 zuwa 100. A 1857 Michael Faraday ya haɗa ruwan zinariya mai launin ja, ya kuma yi hasashen cewa ƙanƙantar ƙwayoyin ce ta jawo launin. Gustav Mie ne ya kawo cikakken lissafin a 1908, ta hanyar warware ƙa'idojin Maxwell ga ƙwaya mai siffar ƙwallo. A 1957 Rufus Ritchie ya nuna cewa irin wannan kaɗawa tana iya gudana a fuskar shimfiɗar ƙarfe.

Ke nan filasmon iri biyu ne. Akwai na zaune, wanda ke kaɗawa a cikin ƙwaya guda, ƙarfinsa kuma yana dusashewa cikin 'yan gomomin nanomita daga jikinta. Akwai kuma mai tafiya, wanda ke bin fuskar ƙarfe kamar igiyar ruwa a bakin tafki. Shi mai tafiyar haske ba ya tayar da shi kai tsaye, sai an bi ta firizim, kamar yadda Otto, da kuma Kretschmann da Raether, suka nuna a 1968, ko kuma a yi wa fuskar ƙarfen tsage-tsage masu tazara daidai.

Akwai adadin da ke nuna yadda kowane abu ke amsa fagen lantarki, wanda ake rubutawa da alamar ε. Ga ƙwallon da ya fi zangon haske ƙanƙanta sosai, rezonans yana faruwa ne a zangon da ε na ƙarfe ya kai ninki biyu na ε na muhallinsa, da alamar ragi. Abu biyu ke fitowa daga wannan sharaɗi. Na farko, idan muhallin ƙwayar ya sauya, launinta ma zai sauya, kuma a kan wannan aka gina na'urorin gano ƙwayoyin halitta. Na biyu, ε na ƙarfe yana da ɓangare na biyu da ke auna asara, wato makamashin da ke komawa zafi a kowace kaɗawa. Elektiron ɗin da ke matse hasken su ne dai ke cin karo suna zubar da makamashinsa. Babu hanyar samun ɗaya a bar ɗaya.

3.0 Abubuwa Huɗu da ke Hannun Mai Tsarawa

3.1 Irin Ƙarfe

Azurfa ce ta fi ƙarancin asara a hasken da ido ke gani, kuma rezonans ɗin ƙananan ƙwayoyinta a cikin ruwa yana kusa da nanomita 400. Aibinta shi ne tana baƙi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, abin da duk mai munduwar azurfa ya sani. Zinariya ba ta tsatsa, kuma tana karɓar ɗaurin sinadaran halitta cikin sauƙi, shi ya sa ta mamaye aikin gwajin cututtuka. Rezonans ɗin ƙwallonta yana wajen nanomita 520. Sai dai a zangon da ya gaza nanomita 500 ko kusa da haka tana shanye haske ta wata hanya dabam da ba ta filasmon ba, don haka ba ta dace da shuɗin haske ba. Bugu da ƙari, masana'antun ƙwaƙwalwar kwamfuta ba sa barin zinariya ta kusanci layin aikinsu, domin tana kutsawa cikin silikon ta lalata ingancinsa.

Alminiyon yana da araha, yana aiki har cikin hasken altarabayolet, kuma yana yi wa kansa rigar kariya ta 'yan nanomita idan ya sha iska. Ƙungiyar Alexandra Boltasseva da Vladimir Shalaev a Jami'ar Purdue ta yi fice wajen tallata taitaniyom naitirayid. Asararsa ta fi ta zinariya, amma ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 2,930, alhali zinariya tana narkewa a 1,064. Ga aikin da zafi ne abin nema, wannan bambanci ya fi ƙarancin asara muhimmanci.

3.2 Girma

Lissafin Mie ya nuna cewa ga ƙananan ƙwayoyi, tsotsewa tana ƙaruwa ne daidai da cikin ƙwayar, ita kuwa warwatsa haske tana ƙaruwa da ninkin cikin a kan kansa. Idan aka ninka faɗin ƙwaya sau biyu, tsotsewa za ta ƙaru sau 8, warwatsawa kuma sau 64. Saboda haka ƙwayar zinariya mai nanomita 20 kusan tsotsewa kawai take yi, amma idan ta wuce nanomita 80 zuwa 100 sai warwatsawa ta fara rinjaye. Mai son zafi ƙananan ƙwayoyi zai nema. Mai son ya karkatar da haske zuwa cikin wani abu dabam, manya zai nema. Tun a nan za a ga cewa babu girman da ya fi kowanne. Aikin ne ke zaɓar girmansa.

3.3 Siffa

Idan aka miƙar da ƙwallo ya zama sanda, rezonans ɗin yana rabuwa biyu: ɗaya a kan faɗi, wanda ke zama kusa da nanomita 520, ɗaya kuma a kan tsawo, wanda ke matsawa zuwa ja da infirared gwargwadon yadda tsawon ya rinjayi faɗin. Richard Gans ya yi wannan lissafi tun 1912, amma sai a farkon shekarun 2000 ƙungiyoyin Catherine Murphy da Mostafa El-Sayed, ɗan asalin Masar da ya yi aikinsa a Amurka, suka daidaita hanyar shuka irin waɗannan sanduna a cikin ruwa. A Jami'ar Rice kuwa, ƙungiyar Naomi Halas ta fito a 1998 da ƙwallon gilashi mai ɓawon zinariya, wanda kaurin ɓawonsa ke saita zangon da yake kamawa. Siffofi masu tsini, irin su tauraro da alwatika, suna tara ƙarfin fage a bakin tsininsu.

3.4 Tazara

Wannan ce mafi ƙarfi a cikin huɗun. Idan ƙwayoyi biyu suka kusanci juna har saura 'yan nanomita, kaɗawarsu tana haɗuwa, fagen lantarkin da ke tsakaninsu kuma ya ninka na hasken da ya shigo sau gomomi ko ɗaruruwa. Amma abin yana da iyaka. A 2012 ƙungiyar Jeremy Baumberg a Kambirij ta nuna cewa idan tazarar ta ragu zuwa kusan nanomita 0.3, wato faɗin ƙwayar zarrar zinariya guda, elektiron suna fara tsallaka giɓin, sai ƙarfin ya daina ƙaruwa. Duk lissafin kwamfutar da ya yi alkawarin ƙarfi mara iyaka a irin wannan tazara, ya fita daga hurumin ƙa'idojin da aka gina shi a kai.

4.0 Cikakkiyar Tsotsewa

Hasken da ya faɗa kan shimfiɗa hanya uku gare shi: ya koma baya, ya ratsa, ko a shanye shi. Siririyar shimfiɗa guda da ke tsaye ita kaɗai, muhallinta iri ɗaya gaba da baya, ba ta iya shanye fiye da rabi. Domin a wuce rabin, sai a sa madubin ƙarfe a bayanta ya toshe hanyar ratsawa, sannan a daidaita sifar gaba ta yadda hasken da ke ƙoƙarin komawa zai kashe kansa da kansa. Sharaɗin shi ne saurin da sifar ke mayar da makamashi waje ya yi daidai da saurin da take shanye shi a ciki. Idan asarar ciki ta yi kaɗan, hasken zai fice; idan ta yi yawa, ba zai shiga ba tun farko. Da tsohuwar zuma ake magani: wannan dabara ita ce ta labulen Salisbury, wanda injiniyoyin rada suka yi amfani da shi tun tsakiyar ƙarni na ashirin.

A 2008 Landy, Padilla da abokan aikinsu suka gwada tsarin da sifofin ƙarfe a igiyar maikurowef. A 2010 ƙungiyar Harald Giessen a Stuttgart ta Jamus ta sauko da shi zuwa infirared: faya-fayan zinariya a sama, shimfiɗar magnesiyom fuloraid mai kaurin nanomita 30 a tsakiya, madubin zinariya a ƙasa. Ta shanye kashi 99 cikin 100 a zangon nanomita 1,600. A 2011 Koray Aydin da Harry Atwater a Caltech suka faɗaɗa abin ya game dukan hasken da ido ke gani, da shimfiɗar azurfa da gilashi mai kaurin nanomita 260 kacal, wadda matsakaicin tsotsewarta ya kai kashi 71 cikin 100. A 2012 ƙungiyar David Smith a Jami'ar Duke ta nuna cewa ba dole sai an zana sifar da na'ura mai tsada ba: ta watsa ƙananan tubalan azurfa barkatai a kan zinariyar da aka lulluɓe da siririyar roba, ta sami tsotsewa mai ƙarfi.

Wannan jerin ya isa shaida cewa an san yadda ake hana haske komawa. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Shimfiɗar da ta shanye kashi 99 ba ta gaya mana komai game da amfanin da aka samu ba, sai mun san a wane ɓangare nata aka shanye.

5.0 Ina Makamashin Yake Tafiya?

Rayuwar filasmon gajeruwa ce ƙwarai. Cikin kusan femtosakan 10, wato kashi goma cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa, kaɗawar ta mutu. Ko dai ta koma haske, ko ta miƙa makamashinta ga elektiron guda, wanda ake kira zazzafan elektiron. Cikin femtosakan 100 zuwa 1,000 wannan elektiron ya raba abin da ya samu da maƙwabtansa. Cikin 'yan fikosakan, wato dubban femtosakan, su kuma sun miƙa shi ga ƙwayoyin zarran ƙarfen, ƙarfen ya ɗumama, zafin ya malala cikin muhalli. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Mai son lantarki dole ya tare jifan yana sama.

5.1 Darasin Faifan Sola

A 2010 Atwater da Albert Polman suka wallafa wani sanannen sharhi a mujallar Nature Materials, inda suka zayyana hanyoyi uku da filasmon zai taimaki siraran faifan sola: ƙwayoyi su warwatsa haske zuwa cikin semikondakta irin silikon, ko ƙarfin fagen da ke kewaye da su ya ƙara masa tsotsewa, ko kuma a kama hasken ya riƙa tafiya a kwance a kan ƙarfen baya. An yi bincike mai yawa a kan haka. Duk da wannan, faifan silikon da muke gani a kan rufin gidaje da masallatai yau da wata dabara suke kama haske: an yi wa fuskarsu ƙananan tudu masu siffar dala, an kuma shafa musu silikon naitirayid mai hana haske komawa. Babban dalili shi ne duk foton, wato ƙwayar haske, da ƙarfe ya shanye, silikon ya rasa shi. Jimillar tsotsewa tana iya hawa a daidai lokacin da lantarkin da ake samu yake sauka.

5.2 Gano Haske da Zazzafan Elektiron

Silikon yana da giɓin makamashi na elektiron-bolt 1.12, don haka makaho ne ga duk hasken da zangonsa ya wuce kusan nanomita 1,100. Hasken da ke ɗaukar intanet a cikin zaren gilashi kuwa yana nanomita 1,310 da 1,550. Foton na 1,550 makamashinsa 0.8 ne kacal. Shi ya sa ake amfani da jamaniyom ko indiyom galiyom asanaid, wanda ke da tsada kuma yake da wuyar haɗawa da silikon.

A 2011 Knight, Sobhani, Nordlander da Halas suka bayyana wata mafita a mujallar Science. Sun jera sandunan zinariya a kan silikon. Inda ƙarfe ya haɗu da semikondakta akwai wata katangar makamashi, katangar Schottky, wadda a na'urarsu tsayinta kusan elektiron-bolt 0.5 ne. Sandar ta kama infirared, ta haifi zazzafan elektiron, shi kuma ya tsallaka katangar ya faɗa silikon ya zama lantarki. Na'urar ta yi aiki, har tana bambance zango da fuskar kaɗawar haske. Amma cikin foton 10,000 da aka shanye, kusan guda ɗaya ne ya zama lantarki.

Dalilin shi ne ƙofofi uku ne a gaban elektiron ɗin. Ta farko makamashi: ba kowane ne ke samun cikakken 0.8 ba, rabon yana bazuwa ne daga sifili zuwa 0.8, don haka waɗanda suka haura 0.5 ba su kai rabi ba. Ta biyu nisa: elektiron yana tafiyar 'yan gomomin nanomita ne kawai a cikin zinariya kafin ya ci karo, wanda aka haifa nesa da kan iyaka ba zai iso da ƙarfinsa ba. Ta uku alƙibla: sai wanda ya tunkari katangar kusan kai tsaye ne zai wuce, sauran su koma. R. H. Fowler ya tsara lissafin irin wannan tsallake tun 1931. Rage tsayin katangar yana buɗe ƙofar farko, amma yana ƙara lantarkin da ke gudana ko cikin duhu, wanda ke binne saƙon da ake nema.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi kafin ya yi murna. A zangon 1,550, na'urar da ba ta zubar da foton ko ɗaya za ta ba da amfiya 1.25 a kowane wat na haske. Na'urorin indiyom galiyom asanaid da ke kasuwa suna ba da kusan amfiya ɗaya. Kashi ɗaya cikin 10,000 na 1.25 kuwa bai wuce miliamfiya 0.125 ba.

Ci gaban da aka samu daga baya ya zo ne daga waɗanda suka tsara sifa saboda elektiron ɗin. A 2014 Wei Li da Jason Valentine a Jami'ar Vanderbilt suka haɗa cikakkiyar tsotsewa da zinariya mai kaurin nanomita 15 kawai, ta yadda duk inda aka haifi elektiron yana kusa da silikon, suka kai 'yan miliamfiya a kowane wat. A 2015 ƙungiyar Tianquan Lian a Jami'ar Emory ta nuna wata hanyar: idan ƙarfe da semikondakta suka manne sosai, filasmon yana iya jefa elektiron kai tsaye cikin semikondakta ba tare da bin ƙofofin uku ba. A sandunan kadmiyom selenaid masu kan zinariya, sun auna sama da kashi 24 cikin 100. A duka ayyukan biyu, abin da aka gyara shi ne hanyar fitar makamashi.

6.0 Inda Asara ba ta Cutarwa

Akwai ayyuka biyu da halin ƙarfe ya dace da su ba tare da jayayya ba.

Na farko shi ne inda zafin ne abin nema. A 2013 Oara Neumann da Halas suka yi amfani da ƙwayoyi masu ɓawon zinariya a cikin ruwa suka samar da tururi da hasken rana, har suka gina tukunyar tsaftace kayan asibiti da ba ta buƙatar wutar lantarki. A 2016 ƙungiyar Jia Zhu a Jami'ar Nanjing ta ƙasar Sin ta cusa ƙwayoyin zinariya cikin ramukan alumina, ta sami tsotsewar kusan kashi 99 cikin 100 daga nanomita 400 har zuwa 10,000, sannan ta maimaita dabarar da alminiyon domin tace ruwan gishiri. Ga ƙasashen da rana ta wadata, wuta kuma ta yi ƙaranci, wannan abin dubawa ne. Sharaɗin adalci dai shi ne a gwada kowace irin wannan sifa da baƙin gawayi, wanda shi ma yana shan rana sosai kuma kusan kyauta ne.

Na biyu shi ne inda ƙarfe yake ba da labari kawai, wata na'urar ce ke karantawa. A 1983 Liedberg, Nylander da Lundström a Linköping ta Suwidin suka nuna cewa shimfiɗar ƙarfe a kan firizim tana jin mannewar furotin, kuma a 1990 na'urar Biacore ta shiga kasuwa da zinariya mai kaurin kusan nanomita 50. Haka nan hasken Raman, wanda ke zama kamar zanen yatsa ga kowane molekul, yana ƙaruwa da ƙarfin fage ninki huɗu a kan kansa: fagen da ya ƙaru sau 100 yana ɗaga saƙon sau miliyan 100. Fleischmann da abokansa ne suka fara ganin alamar haka a Southampton a 1974, kuma a 1997 ƙungiyoyi biyu, ta Nie da Emory da ta Kneipp, suka ba da rahoton ganin molekul guda. Jan layin gwajin zazzaɓi yana cikin wannan dangi. Nasarorin da filasmon ya samu a kasuwa a nan suka taru.

7.0 Daga Kwamfuta Zuwa Ɗakin Gwaji

Yawancin tsare-tsare a kwamfuta ake fara su, da hanyar da Kane Yee ya ƙirƙiro a 1966 ta warware ƙa'idojin Maxwell taki-taki, kuma akwai manhajar kyauta irin Meep da ke yin wannan aiki. Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take mayarwa. Adadin ε da akasari ake sakawa na Johnson da Christy ne na 1972, wanda aka auna a shimfiɗa mai santsi. Zinariyar da aka ƙera a ɗakin gwaji tana da kaushi da tsage, kusurwoyinta ba su da kaifin na zane, kuma 'yan nanomita na taitaniyom ko kuromiyom da ake sawa domin ta manne da gilashi suna dusashe rezonans ɗin sosai. Zane da bindigar elektiron yana fitar da sifa daidai, amma yana da jinkiri da tsada. Haɗa ƙwayoyi a cikin ruwa kuwa, da hanyar Turkevich ta 1951, gishirin zinariya da sitiret da abin dumama ruwa kawai yake buƙata, kuma na'urar auna launi da ke yawancin sassan kimiyyar haɗa sinadarai ta isa a ga rezonans ɗinsa.

8.0 Kammalawa da Shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa matse haske da asarar makamashi tagwaye ne a cikin ƙarfe, kuma ingancin sifa yana rataye ne a kan inda makamashin ya ƙare. Bisa ga haka ake ba da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, mai tsarawa ya fara ƙayyade abin da yake nema: zafi, lantarki, ko sauyin launi. Daga nan ne zai zaɓi ƙarfe, girma, siffa da tazara.

Na biyu, duk rahoton tsotsewa ya rarraba ta gida-gida: nawa ƙarfe ya sha, nawa semikondakta ya sha. Na'urar gano haske kuma a faɗi amfiya nawa take bayarwa a kowane wat, da lantarkin da take zubarwa cikin duhu.

Na uku, a gwada kowace sabuwar sifa da abokin takararta mafi araha, ko gawayi ne, ko jamaniyom, ko sifofin silikon zalla waɗanda ba su da asarar ƙarfe.

Na huɗu, jami'o'inmu su sa ƙarfinsu inda kayan aikinsu suka kai: haɗa ƙwayoyi a cikin ruwa, lissafin kwamfuta na gaskiya, ƙara wa gwajin cututtuka kaifi, da tsaftace ruwa da kayan asibiti da hasken rana. Malaman fiziya, na kimiyyar haɗa sinadarai da na likitanci su zauna a teburi ɗaya, domin babu sashen da zai iya wannan aiki shi kaɗai.

Ina kira ga ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku: duk sifar da kuka zana, ku bi makamashinta har inda ya tsaya, ku auna shi, sannan ku rubuta abin da kuka auna.